Jiran Ayari a Bakin Iyakar Illela

Hanyar da ta fita daga birnin Sakkwato ta fuskanci arewa, bayan ta ƙetare Gulbin Rima da fadamarsa mai albasa da shinkafa, ba ta da wani dogon zango, domin tsakanin birnin da garin Illela, inda ƙasar Nijeriya ta tuƙe, bai wuce kimanin kilomita 85 ba. Amma duk wanda ya san tarihin wannan yanki ba zai so a wuce da shi da gaggawa ba, saboda kusan kowane gari da ake ratsawa yana da ambato a cikin labarin jihadi. Akwai Kware, inda Abdussalami ya zauna har saɓani ya shiga tsakaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Akwai Gwadabawa, wadda Marafa Muhammadu Maiturare ya kafa, ya raya ƙasarta kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Kuma a cikin ƙasar Gwadabawan nan Degel take, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta karantarwa har zuwa hijirarsa zuwa Gudu a 1804. Na bi wannan hanya a cikin hunturun ƙarshen 2024, ranar wata Asabar, tare da wani dattijo mai ɗaukar hoto, mutumin Sakkwato, da yaronsa mai riƙe masa jaka, kuma abin da ya fito da ni ba ciniki ba ne, ba ziyarar dangi ba. So nake in ga da idona yadda mutum yake neman hoto guda ɗaya na tsawon shekarun da za su isa a haifi yaro har ya balaga.

Malam, kamar yadda kowa yake kiransa, ya koyi sana'arsa tun zamanin fim, sa'ad da mai hoto yakan sayi naɗi guda mai ɗaukar hoto 36, ya riƙa tattalin kowane ɗaya daga cikinsu, alhali kuwa ba zai san abin da ya kama ba sai ya shiga ɗakin duhu ya wanke, ya ɗaga dodon hoton a gaban fitila ya duba. Abincinsa na yau da gobe daga hoton fasfo yake fitowa, da na ɗaurin aure, da na yara ranar Sallah, kuma ban taɓa jin ya raina wannan ba, hasali ma yakan ce da shi ya ciyar da iyali ya aurar da 'ya'ya. Sai dai yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango wanda ba ya rabuwa da aljihun rigarsa, inda ya rubuta, da ajami da boko a gauraye, waɗansu hotuna da bai ɗauka ba tukuna, waɗanda ya riga ya gan su da idon zuci, ya san inda kowane abu zai tsaya a cikinsu, ba abin da ya rage illa Allah ya haɗa masa su a zahiri.

Asalin hoton Illela da ke cikin littafin kuwa shi ne, a ƙarshen 2006 Babbar Sallah ta faɗo a kwanakin ƙarshe na watan Disamba, cikin tsananin ɗari, sai ya zo sayen ragon layya, ya kwana a garin, ya fita bayan gari da sassafe ba kyamara a hannunsa, domin ba aikin hoto ya kawo shi ba. Yana tsaye a bakin wata gona sai ya ga ayarin raƙuma yana fitowa daga cikin hazo ta wajen arewa, ɗaya bayan ɗaya, akalar kowanne a ɗaure da na gabansa, suka ratsa ta gefen wani babban gawo daidai lokacin da rana ta bayyana jajir, ba ta da kaifin da zai hana ido kallonta, kamar sabon farantin tagulla da aka jingina a bango. A bayansu kuma ga garken raguna Uda, masu gaban jiki baƙi ko ja, baya fari, sun cika fili har iyakar gani, ana koro su kasuwa. Ya ce da ni tun daga wannan safiya bai ƙara ganin fitowar rana ba face ya tuna ana bin sa bashi.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce ina wahalar take, tunda raƙuma ba su ƙare ba, rana kuma kullum tana fitowa. Malam ya warware mini mas'alar muna cikin mota, yana bin sharuɗɗanta ɗaya ɗaya, waɗanda in guda ya faɗi sauran sun tashi a banza. Rana dai ba daga wuri guda take ɓullowa ba duk shekara: a watan Disamba mafitarta takan karkata ƙwarai zuwa kudu maso gabas, ta ɗan dakata a can na 'yan makonni kafin ta juyo, a watan Yuni kuma ta koma arewa maso gabas; saboda haka daga wurin da mutum zai tsaya ya haɗa gawon da turbar raƙuman a fuska ɗaya, rana ba ta faɗowa kusa da itacen sai a waɗannan makonni na tsakiyar hunturu. Sa'an nan ga sha'anin hazo, wanda iskar arewa maso gabas take kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kufan wani tsohon tafki da masana suke lissafa shi a gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Idan hazon ya yi kauri rana takan ɓace gaba ɗaya har hantsi, komai ya zama fari fat, idan kuwa sama ta yi garau, hasken yakan ƙone fuskar hoton, ba a ganin komai sai walƙiya. Abin da yake nema tsaka-tsaki ne, kuma wannan ba ya hannun kowa. Bayan haka kasuwar Illela ranar Lahadi take ci, ayari kuma ba ya tasowa don nishaɗi, sai don kasuwa. Idan aka tace duka, abin da ya rage a shekara safiya 'yan ƙalilan ne, a cikin safiyar ma 'yan mintoci, domin rana takan gusa da gwargwadon faɗin kanta a cikin minti 2 kacal, da ta ɗan yi sama kuma jan nan ya tafi.

Ko waɗannan 'yan safiyoyin ma ba kowace shekara ake samunsu ba. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai a Disamban 2020, lokacin da Illela ta kasance cikin mashigai huɗu da aka fara buɗewa, tare da Seme da Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa bisa takunkumin ƙungiyar ECOWAS, har zuwa watan Maris na 2024. A irin waɗannan lokuta Malam bai fito da kyamara ba, domin mai hankali ba ya yawo da ita a bakin iyakar da aka rufe, balle ga matsalar 'yan bindiga da ta addabi sassa da yawa na jihar, wadda ta sa fita bayan gari kafin gari ya waye ta zama abin da sai an yi shawara da mutanen wuri. Da na jajanta masa hunturun da suka kuɓuce masa, sai ya ce in ajiye jajen ga fataken da albasarsu ta ruɓe a cikin motoci, da matan da aka yi rasuwa a gidajen iyayensu a ƙetare suka sha wuya kafin su isa ta'aziyya, domin shi abin da ya rasa yana nan bai ruɓe ba. Wani abu ɗaya ne kawai na ga yana damunsa, shi ne ayarin kansa yana raguwa, saboda motoci da babura sun karɓe yawancin kayan da raƙumi yake ɗauka a da.

Mun isa Illela bayan la'asar, muka tarar garin ya riga ya fara cika da 'yan kasuwar gobe. Manyan motoci sun jeru a gefen titi, waɗansu sun fuskanci Ƙonni, waɗansu sun fuskanci kudu suna jiran a loda musu shanu zuwa Legas da sauran garuruwan kurmi. 'Yan canji suna zaune a kan benci da damin naira da na sefa. 'Yan kabu-kabu suna ta kai da kawowa tsakanin garin da Birnin Ƙonni, wanda tazararsa daga nan 'yan kilomitoci ne kawai. A bakin tasha kana jin Hausar Sakkwato da ta Adar da ta Gobir, kana jin Fulatanci da harshen Buzaye, kuma in ba don launin kakin ma'aikata da lambar mota ba, da wuya baƙo ya iya rarrabe ɗan wannan ƙasa da ɗan waccan.

Ya kamata mai karatu ya san yadda aka yi wannan layi ya ratsa nan, domin shi ne ruhin hoton da ake nema. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, an ɗora tsinin alƙalamin zana da'ira a kan birnin Sakkwato, aka shata baka mai nisan mil 100 daga gare shi, aka ce abin da yake ciki na Ingilishi ne, ba tare da an tambayi mai rijiya ko mai gona ba. A shekarar da ta biyo baya, cikin watan Mayu na 1899, rundunar Faransawa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni, ta ƙone shi, ta kashe jama'a masu yawa, ta'asar da har yau ba a manta da ita ba a wannan yanki. Da Faransawa suka ga rabon nan bai bar musu hanya mai ruwa zuwa Damagaram ba, sai aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo layin kudu, Ƙonni ta faɗa hannunsu, kuma tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi daji suna kafa alamomin iyaka. Ta haka Maratta, inda aka haifi Shehu a 1754, kusa da Galmi mai albasa, ta kasance a wata ƙasa, Hubbarensa kuma a wata. Ni a ganina duk wanda ya tsaya a Illela bai ji nauyin wannan a zuciyarsa ba, to bai zo Illela ba tukuna.

Masaukinmu gidan wani fatoma ne, wanda Buzaye da Adarawa masu raƙuma suke sauka a wurinsa tun zamanin mahaifinsa. Da ya hango mu ya taso yana cewa, "Mai hoto, ka taho kuma? Bana dai Allah shi cika maka buri." Malam ya ce, "Amin, Alhaji. Mutanen namu fa?" Ya ce, "Suna bisa hanya, ƙauye za su kwana, da asuba su taso in Allah ya yarda." A nan na fahimci wani sashe na aikin da ba ya cikin lissafin rana da hazo. Malam ya daɗe yana zuwa gidan nan ko da ba hunturu ba, ya halarci sunan jikokin maigidan, ya ɗauki hoton fasfo kyauta ga baƙinsa masu niyyar aikin Hajji, ya zauna a tabarma ya sha shayin Buzaye tun daga na fari mai ɗaci har na ƙarshe mai zaƙi, bai ambaci kyamara ba. Sai da madugun ayarin ya san shi, ya san gidansu, kafin ya nemi izninsa, shi da mutanensa, cewa in wata rana sun gan shi tsaye a bakin gona kada su tsorata, kada kuma su tsaya ko su gyara tafiya dominsa. Kafin magariba kuma ya je ya gai da ma'aikatan da ke tsaron iyaka, ya sanar da su inda zai tsaya da abin da zai ɗauka, nesa da ofisoshinsu da shingensu, domin ya san haƙƙin hukuma kamar yadda ya san na talakawa.

Bayan sallar lisha limamin unguwar ya zauna da mu a zaure, hira ta kai ga hukuncin hoto a shari'a, mas'alar da ba ta tsufa a ƙasarmu. Liman ya ce abin da ya karanta a wurin malamansa na mazhabar Malikiyya shi ne, haramcin ya tabbata ne a kan mutum-mutumi mai inuwa wanda aka ƙera da cikakkiyar surar mai rai, amma abin da yake shimfiɗe a takarda ko tufa, iyakarsa karhanci. Ya ƙara da cewa Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar, wanda ya rasu a 1935, ya wallafa risala a kan halaccin hoton kyamara, hujjarsa kuwa ita ce mai ɗaukarsa bai ƙagi sura ba, inuwar abin da Allah ya halitta kawai ya tsare. Ko da yake akwai malamai na kirki da suka tsaya a kan hani sai bisa larura, kuma ba a zargin wanda ya bi su. Ni kuma na kawo zancen Hasan ɗan Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Masar ya rasu wajen 1040, mai Kitabul Manaziri, wanda ya bayyana yadda haske in ya shiga ɗaki mai duhu ta 'yar ƙaramar kafa yakan zana surar abin da ke waje a bango, a kife, wanda shi ne tushen da kowace kyamara take aiki a kansa har gobe. Liman ya yi murna da jin haka, amma ya ce shi abin da ya fi tsoro a wannan zamani ba takardar ba ce, ɗaukar mutum ba da saninsa ba ne, da tona abin da ya suturta, tunda yanzu kowane yaro yana da kyamara a cikin wayarsa. Malam ya ce, "Allah shi gafarta Malam, wannan ita ce maganar da nike faɗa ma wanga yaro kullum."

Yaron kuwa, wanda yake da ƙwazo da sanin kwamfuta fiye da maigidansa, yana da tasa shawarar, kuma bai ɓoye ta ba. Ya ce, "Baba, da an ba madugu ɗan abin goro ya ratsa da raƙuman a lokacin da muke so, ko kuwa mu ɗauki raƙuman daban, rana daban, in haɗa maka su a kwamfuta, wallahi ba mai ganewa." Malam bai yi fushi ba, ya dai ce masa hoto shaida ne, wanda ya duba shi ya ba ka amana ne cewa abin da ka nuna masa ya auku, kuma in ka haɗa abin da bai haɗu ba ka miƙa masa a matsayin gani da ido, ka yi shaidar zur ko da ba a kama ka ba, ya ce malaman hadisi suna da suna ga mai ɓoye aibin ruwayarsa don ta yi kyau, tadlisi suke kiran aikinsa, kuma ba su karɓa daga gare shi sai da bincike. Ba ya hana yaron yin haɗe-haɗensa ga amare masu son a sa su a gaban benen da ba nasu ba, domin wannan kowa ya san ado ne. Ina tare da Malam a kan wannan ra'ayi ƙwarai da gaske, kuma ina ganin a nan ne ake gane cewa jiran nasa ba taurin kai ba ne: ya toshe wa kansa gajeriyar hanya bisa hujja, don haka doguwar ce kaɗai ta rage masa.

Muka yi sallar asuba a farkon lokaci, muka fita da ƙafa tare da wani saurayi da fatoma ya haɗa mu da shi, ɗari yana ratsa ƙashi, leɓe yana tsagewa. Muka wuce ƙarshen gidaje da rumbunan ƙasa masu tulluwar ciki, muka shiga gonakin da aka girbe, sai kututturen gero da sabara da tumfafiya, har muka iso inda gawon yake, shi kaɗai da ganyensa kore shar a cikin ƙasar da ta bushe, kasancewar ɗabi'arsa ce ya kaɗe ganye da damina ya tofo da rani. Malam bai yi neman wuri ba. Ya auna taku daga gindin itacen zuwa yamma kamar yadda yake rubuce a littafinsa, ya kafa ƙafa-uku, ya ɗora kyamarar da ya riga ya ɗaura mata dogon gilashi tun a ɗaki don kada ƙura ta shiga cikinta, ya lulluɓe ta da rawani, ya saita ta, sa'an nan ya ja da baya ya zauna a ƙasa da tasbaha a hannu.

Gabas ta yi fari, ta koma ruwan toka. Ya dubi sama ya ce hazon yau ya yi daidai, ana ganin itatuwan da ke nesa amma ba a ganin ganyensu. Wajen ƙarfe 7 lokacin fitowar rana ya yi, ba a gan ta ba, kuma bai damu ba, domin ya san a irin wannan yanayi ƙurar da ke ƙasa ƙasa takan rufe ta, ba ta bayyana sai ta ɗan ɗago, kuma a bisa wannan tsayin ya yi lissafinsa tun farko. Wani mai amalanken jaki ya wuce da kara, muka gaisa. Wani mai babur ya wuce ya tayar da ƙura, ta lafa. Can sai jan faifan ya fara bayyana a dama da gawon, sama kaɗan da inda turbar ta ratsa, amma turbar wayam, ba raƙumi ba alamarsa. Yaron ya tashi tsaye ya zauna, ya sake tashi, ya ce, "Baba, za ta wuce." Malam ya ce, "In ta wuce, akwai Lahadi mai zuwa, in da rai." Na dubi fuskarsa da kyau a wannan lokaci, domin in ga ko maganar baki ce kawai, ban ga komai a cikinta ba sai natsuwar mutumin da ya gama nasa, ya bar saura ga Mai shi.

Kunne ne ya riga ido. Muka ji gurnanin amale daga nesa, da muryar mutum yana lallashinsa, kafin inuwarsu ta fito daga hazon, madugu a gaba da akala a hannu, raƙuman suna biye da buhuna a kowane gefe na tozo, suna tafiyarsu ta rangaji, ƙafafun gefe guda suna ɗagawa tare. Malam ya miƙe ba da hanzari ba, ya yaye rawanin, ya sa ido. Ya bar na farko ya wuce gindin itacen, domin ba ya son jikinsa ya haɗu da kututturen su zama dunƙule guda. Ya jira har aka sami sarari tsakanin kowane raƙumi da na bayansa, ƙafafunsu a buɗe, wuyan amalen ya miƙe a ƙarƙashin rana. Sa'an nan ya danna, ya sake dannawa, ya ƙara kaɗan, ya ɗaga kansa tun ayarin bai gama wucewa ba. Madugun bai waiwayo ba, kamar yadda aka yi alkawari, sai dai ya ɗaga hannu bayan ya yi nisa. Malam ya ce, "Alhamdu lillahi," ya fuskanci alƙibla ya yi sujadar godiya a kan turɓaya, ya tashi da ƙasa a goshinsa, idanunsa sun kawo ruwa.

Sai da muka koma inuwar zaure ya yarda muka duba a bayan kyamarar. Ya auna hasken ne bisa sama, don haka raƙuman suka fito duhu duhu, amma hazon ya mayar musu da isasshen haske har ana ganin igiyar da aka ɗaure kaya da ita, da naɗin amawalin madugu. Babu tuta a ciki, babu shinge, babu allo mai rubutu. Ƙasa ce guda shimfiɗe daga wannan gefe zuwa wancan, da mutane a kan turbar da kakanninsu suka bi tun ba a san mil 100 na Turawa ba. Malam ya miƙa wa liman ya ce ya nuna masa inda Nijeriya ta ƙare Nijar ta fara, liman ya daɗe yana dubawa, ya mayar masa yana murmushi. Na ga hotunan raƙuma da faɗuwar rana da yawa a kalanda da jaridu, waɗansu sun fi wannan ƙyalli. Abin da ya bambanta shi a wurina shi ne na san babu ko ƙwayar abu ɗaya a cikinsa da aka saya ko aka ƙaga, kuma kowane mutum da ke ciki ya san da zaman mai ɗaukarsa ya yarda.

Da hantsi muka shiga kasuwa, muka zaga kara, inda dillalai suke ta jan hannun masu saye da masu sayarwa, wannan yana cewa albarka, wancan yana cewa a ƙara, ga fararen Gudali marasa dogon ƙaho, ga jajayen shanun Bororo masu ƙaho kamar zai taɓa sama, ga na Azawak, ga jajayen awakin Sakkwato waɗanda fatarsu ta ƙetare Sahara tun zamanin da har Turawa suka san ta da sunan Maroko. Malam bai ciro kyamara ba a duk wannan, sai da muka iso inda raƙuma suke gurfane, madugun ya gan shi, ya nemi a nuna masa hoton. Wannan dattijo ya daɗe yana ƙin a ɗauki fuskarsa, Malam kuma tun da ya roƙa aka hana shi bai sake maimaitawa ba. Ya duba, ya kira sunan kowane raƙumi yana nuna shi da yatsa, sa'an nan ya gyara amawalinsa, ya tsaya kusa da amalen ya ce, "Mai hoto, ɗauki, ka kawo ma ɗiyana." Shi ma wannan yana cikin baƙin littafin, ashe, a wani shafi daban.

Da azahar muka leƙa Kalmalo, tafkin da ke kusa da garin, wanda ruwan Majiya mai gangarowa daga ƙasar Adar yake ciyarwa, kuma wanda ya ja baya ƙwarai tun da aka yi madatsai a can sama don noman rani na Ƙonni, ga kuma ƙarancin ruwan sama. Kogin nan yana cikin waɗanda Nijeriya da Nijar suka yi yarjejeniyar rabon ruwansu a Maiduguri a 1990. Malam yana son ya ɗauke shi a cike, da masunta a kansa, kamar yadda dattawan wurin suke ba da labari, wannan kuwa sai shekarar da damina ta yi albarka sosai. Bai daɗe a nan ba, ya duba, ya rubuta wani abu, muka juyo.

Saura rabi na biyu na abin da ya gani a 2006, wato garken ragunan layya a cikin hazo, kuma shi lissafinsa ya wuce na mako da na wata. Shekarar hijira tana gaza ta miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka Babbar Sallah tana ja da baya a cikin yanayin shekara, daga ɗari zuwa kaka, zuwa damina, zuwa bazara, ba ta komowa inda ta tashi sai bayan wajen shekara 33. Ke nan raguna ba za su sake cika wannan fili a tsakiyar hunturu ba sai wajejen 2039, Malam kuwa ya haura sittin. Da la'asar ya ce mu koma gindin gawon. Ya sa yaron ya auna takun da ƙafarsa, tunda takun saurayi ba ɗaya yake da na tsoho ba, ya nuna masa inda garken ya ɓullo da inda zai tsaya, ya sa shi ya kwafe shafin duka a cikin wayarsa da kuma a takarda, ya umurce shi da ya riƙa zuwa gidan fatoma yana gaisuwa ko da ba shi, domin 'ya'yan gidan su san shi kamar yadda iyayensu suka san maigidansa. Mai gonar yana kusa yana tattara kara, sai Malam ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya roƙe shi alfarmar kada a sare itacen. Manomin ya ce, "Haba Malam, wa ka sare gawo cikin gonarsa? Duk gonar ga babu inda gero ya kai na ƙarƙashinsa kyau. Yaronka shi taho duk shekarar da ya so."